Haƙorin maigidana ya kumbura, an ce ba a taɓawa sai ya sace. Gaskiya ne?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini. Maigidana ne turminsa na ƙasa, na can ciki ɓangaren hagu, yake damunsa. Ya daɗe da rami, ya yi ciwo ya lafa, shi kuwa kun san maza da zuwa asibiti. Tun farkon makon nan abin ya taso gadan-gadan, jiya kumatun ya kumbura, ba ya iya cin komai sai kunu. Mai kemis ɗin layinmu ya ba shi Ampiclox da Flagyl da maganin zafi, ya ce kada ya kuskura ya bari a taɓa haƙorin sai kumburin ya sace, wai in aka cire shi a haka ciwon zai shiga jini. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don daren jiya har da zazzaɓi. Mu jira ne ko mu tafi asibiti? A Kano muke.

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Mai kemis ya faɗi gaskiya Hajiya, ko kun je asibitin ba za su cire ba. Magani za su rubuta su ce ku dawo. To tunda ga maganin a hannu, ya shanye kawai, a huta da layin kati.

Uwar_Biyu:
Sannu Maman Ilham. Ki daka kanumfari ki sa masa a auduga ya danne a wurin, sannan ya riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ni shi nake yi, kuma yana kwantar da zugin sosai.

Bakatsine77:
A garinmu ruwan batir ake ɗigawa a ramin. Sau ɗaya tak, an gama, haƙorin ba zai sake cewa uffan ba.

Sista_Hadiza:
Subhanallahi, Bakatsine77 don Allah ka goge wannan. Ruwan batir asid ne fa. Ya ƙone dasashi, ya ƙone harshe, ya ruguza haƙorin ya bar saiwar a ciki tana ruɓewa. Haka fetur, haka taba gari, haka murje asfirin a ɗora a dasashi. Duk muna ganin masu zuwa da bakinsu a saluɓe saboda irin wannan.

Maman Ilham, amsa mini waɗannan yanzu: yana iya buɗe baki ya sa yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa? Yana haɗiye yawu lafiya ko yana dalala? Kumburin ya tsaya a kumatu ko ya gangaro ƙarƙashin haɓa? Muryarsa ta canja? Yana da ciwon suga?

Maman_Ilham:
Sista na gwada, yatsa biyu ne suke shiga, su ma da ƙyar. Yana haɗiya amma ya ce da zafi. Kumburin ya ɗan sauko ƙasan muƙamuƙi, in na taɓa da tauri. Suga kam bai taɓa gwadawa ba, amma mahaifinsa yana da shi.

Sista_Hadiza:
To ki ajiye wayar ku tafi. Yau, ba gobe ba.

Likitan_Haƙori_Zariya:
Na goyi bayan Sista Hadiza. Maman Ilham, ku tafi asibitin da ke da sashen haƙori da tiyatar fuska, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. In kun tarar an tashi daga sashen haƙori, ku shiga ta ɓangaren gaggawa, ku ce musu haƙori ne ya kumbura har ya sauko wuya kuma bakin ba ya buɗewa. Ku tafi da kwalayen magungunan da ya sha.

Bari in yi bayani don sauran masu karantawa, don wannan magana ta "ba a taɓa haƙori yana kumbure" ta jawo mana asarar rayuka.

Haƙori ba dutse ba ne. A cikinsa akwai ɗan kogo mai jijiya da hanyoyin jini. In rami ya ci har ya kai wannan kogon, ƙwayoyin cuta su shiga, jijiyar ta kumbura, shi ne zugin nan mai hana barci. Daga baya jijiyar ta mutu. A nan ne mutane suke ruɗuwa, don ciwon yakan ɗauke na wani lokaci, sai mutum ya ce kanumfari ko addu'a ko maganin wane ya warkar da shi. Alhali ƙwayoyin cutar suna nan, sun samu ɗaki, suna bi ta ƙarshen saiwa suna shiga ƙashin muƙamuƙi. Mugunya ta taru, ta nemi hanyar fita. In ta ɓullo ta dasashi an yi sa'a. In ta bi ta cikin naman fuska da wuya, shi ne kumburin da kike gani.

To ga inda matsalar take: maganin da ka haɗiya, jini ne yake kai shi inda ake buƙata. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu jini ba ya shiga cikinsa, kuma magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Shi ya sa antibayotik yake rage kumburin na ɗan lokaci, a gama sha, bayan 'yan makonni abin ya dawo, wani lokaci ya fi na farko. Maganin gaskiya shi ne a fitar da mugunyar, a kuma kawar da tushen: ko a buɗe haƙorin a wanke cikinsa har saiwa a cike, wanda muke kira RCT, ko a cire shi gaba ɗaya. Antibayotik mataimaki ne idan ciwon ya fara yaɗuwa ko akwai zazzaɓi, ba shi ne aikin ba.

Abin da ya sa na ce yau: turamen ƙasa saiwarsu tana kusa da ƙarƙashin harshe. In mugunya ta shiga nan, ƙasan haɓa ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗagu sama ya koma baya, ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya fara bayyana wannan a 1836, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Yana iya kai mutum ga halaka cikin sa'o'i, kuma mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗarin.

Dan_Kurmi:
Likita ina girmama iliminka, amma ni ganau ne ba jiyau ba. Da nawa ya kumbura na je asibitin gwamnati, likitan haƙorin da kansa ya duba ya ce ba zai cire ba, ya rubuta mini amoksisilin da Flagyl ya ce in dawo bayan mako. Na dawo ya cire lafiya lau. To shi bai san aikinsa ba ne?

Likitan_Haƙori_Zariya:
Ya san aikinsa Malam. Akan ɗaga cirewa saboda dalilai: wani lokaci bakin ba ya buɗewa yadda za a kai ga haƙorin, wani lokaci allurar kashe wuri ba ta kamawa sosai a naman da ya kumbura, wani lokaci sai an fara daidaita suga ko hawan jini. Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya, wanda ya ce ka dawo ya leƙa bakinka, ya taɓa wuyanka, ya tabbatar naka ba mai gudu ba ne. Na biyu, ya ba ka rana. Wannan daban da mutum ya zauna a gida yana haɗiyar kafso ba wanda ya duba shi. Kuma a mafi yawan lokuta, in bakin yana buɗewa kuma allura ta kama, cire haƙorin a ranar shi ne hanya mafi sauri ta fitar da mugunyar.

Dan_Kurmi:
To ai ka ga maganata ba ta faɗi ƙasa ba ke nan.

AbuHafsat:
Dan_Kurmi kai ma ka cika son girma, haha. Likita ya ce a je a duba, kai ka ce a zauna a gida. Ina suka haɗu?

Ni abin da ya faru da ƙanena ne ya sa ba na wasa da wannan. Ɗan kasuwa ne, ba ya son rufe shago. Nasa ya kumbura yana ta shan haɗin kemis, irin wanda ake ƙullowa a leda ba suna ba komai. Ranar da muka kai shi a zaune ya kwana, don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Sai da aka shiga da shi tiyata aka tsaga ƙasan haɓarsa aka sa roba mugunya tana fita. Kuɗin da muka kashe ya ninka na cire haƙori ban san sau nawa ba, shagon da yake gudun rufewa na yini ɗaya ya zauna a rufe har ya warke. Yana nan da tabon.

Gwaggo_Talatu:
Allah ya kyauta. Amma ku yaran yanzu komai asibiti. Mu da aswaki da kanwa muka tashi, ga haƙorana nan garau. Kuma ni abin da nake tsoro da cire haƙori shi ne ido. An ce in aka cire na sama ido yana raunana, wata maƙwabciyata tun da aka cire mata take sa tabarau.

Sista_Hadiza:
Gwaggo ina wuni. Aswakin kam kin yi daidai, yana tsabtace baki. Kuma ku a zamaninku ba a wuni ana tsotsar alewa da lemon kwalba kamar yanzu, shi ya taimake ku. Amma maganar ido ba haka ba ne. Jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Maƙwabciyarki wataƙila shekaru ne suka kawo tabarau. Abin da ke taɓa ido shi ne a bar haƙorin sama mai mugunya, kumburin ya haura har fatar ido ta rufe. Wannan ma na gaggawa ne, don daga nan ciwon yana iya bin hanyoyin jini ya kai cikin kai.

Gwaggo_Talatu:
To 'yar nan, na ji. Amma ni dai ba mai taɓa mini na sama.

Sarkin_Shakka:
Tambaya ɗaya: tsutsar haƙori fa? Na ga mai magani da idona ya turara wa mutum hayaƙi, ya kuskure baki a kwano, ga 'yan tsutsotsi farare suna yawo a ruwan. In babu tsutsa, me na gani?

Likitan_Haƙori_Zariya:
Na yi shekaru ina buɗe haƙora, ban taɓa tarar da tsutsa a cikin rami ba. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale su fitar da tsami, tsamin yana zaizaye haƙori a hankali. Abin da ka gani a kwano daga wurin mai maganin ya fito, ba daga bakin ba. Ka bi mutumin bayan wata biyu ka tambaye shi labarin haƙorin.

Sarkin_Shakka:
Hmm. Ku ma dai likitoci kuna da naku. Mutum ya zo da ciwo ku ce RCT, ku faɗi kuɗin da sai ya sayar da akuya.

Malam_Nura_Tcha:
Nan kam Sarkin_Shakka ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ba wai mutane ba su san asibiti ya fi ba. Malamin firamare kamar ni, in aka ce kati, hoto, cirewa, magani, ga kuɗin mota, ga yinin aiki, dole ya fara tsayawa a kemis. A ƙauyukanmu ma ina likitan haƙorin yake? Sai ka shigo birni. Don haka in za ku ba da shawara ku faɗa mana abin da mutum zai yi daga daren da abin ya tashi zuwa lokacin da zai iya kai kansa.

Sista_Hadiza:
Tambayarka a kan hanya take Malam Nura. In babu alamun nan da na lissafa wa Maman Ilham, babba zai iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24, don yana lalata hanta. Zai iya haɗawa da ibuprofen miligiram 400 bayan ya ci abinci, in ba shi da olsa ko ciwon ƙoda, kuma ba mai ciki ba. Kada a haɗa ibuprofen da diklofenak da Felvin a lokaci guda, duk dangi ɗaya ne, su ne ke huda ciki. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, a kuskure a zubar. Kanumfarin Uwar_Biyu ma ba laifi, yana da sinadarin da ke kashe zafi na ɗan lokaci, amma iyakarsa ke nan. A ɗaga kai da matashi in za a kwanta. Kada a gasa kumatun da ruwan zafi ko tsumma mai zafi daga waje, kada kuma a sa allura ko reza a ce za a fasa.

Duk wannan na kai ka gobe ne, ba na zama da shi ba.

Uwar_Biyu:
Kai, ni kuwa gashi nake yi da tawul. Na daina.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka abin yake, sai dai mu ƙara da masu cire haƙori na ranar kasuwa. Wani dattijo a unguwarmu aka cire masa a irin wannan wuri, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki, bayan kwanaki fuska ta haye. Da aka kai shi likita sai da aka yi hoto aka tono ragowar. Ga kayan aikin ba a dafawa, da shi za a cire wa wannan a cire wa wancan. Ciwon hanta ma ta nan ana ɗauka.

Malam_Nura_Tcha:
Ka ga abin da nake faɗi. Talauci ne ke kai mutum wurinsu, ba jahilci kaɗai ba.

Yar_Maryland:
Malam Nura ba a gida kaɗai ba. Nan jihar da nake a Amurka, a 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu saboda ciwon haƙorin da ya haura ƙwaƙwalwa, iyalinsa ba su samu likitan haƙorin da zai duba shi a kan lokaci ba. Maganar har majalisar dokokin ƙasar ta kai. Nan ma in ba ka da inshorar haƙori kuɗin sai ka riƙe baki. Mutane da yawa suna zuwa sashen gaggawa a ba su maganin zafi da antibayotik su koma gida, haƙorin yana nan, su sake dawowa.

Ummu_Sakkwato:
Tunda an ambaci yara, don Allah iyaye mu lura. In ƙaramin yaro dasashinsa yana jini, baki yana wari, kumatu ya fara kumbura, musamman wanda bai samun abinci mai kyau ko ya tashi daga ƙyanda, kada a ce haƙori ne kawai. Akwai cutar noma mai cin fuska cikin kwanaki. Muna da asibitinta a nan Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an kai da wuri ana tsayar da ita.

Sarkin_Shakka:
Mun tashi daga mijin Maman Ilham mun kai Amurka mun dawo Sakkwato. Ita kuma shiru.

AbuHafsat:
Shirun alheri ne in sha Allahu, suna asibiti.

Alaramma_Jr:
Kafin ta dawo, Likita: ni nawa ba ya ciwo yanzu, sai wani ɗan ƙurji a dasashi da ke fashewa ya fitar da ruwa mai ɗanɗanon gishiri, ya koma, ya sake fitowa. Tunda yana fita da kansa ai ba matsala ko?

Likitan_Haƙori_Zariya:
Akwai matsala Alaramma, sai dai ba ta daren yau ba. Wannan ƙurjin ƙofa ce da mugunya ta buɗe wa kanta, shi ya sa ba ka jin zafi. Ranar da ƙofar ta toshe za ka tashi da fuska a kumbure. Yanzu ne lokacin da ya fi sauƙi da arha, kuma wataƙila a iya ceto haƙorin ba sai an cire ba. Ka je a yi hoto.

Maman_Ilham:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da shiruna. Mun je. Da suka duba shi ba su bar mu mun dawo ba, sun ba shi gado. Sun yi hoto, sun tsaga ta cikin baki sun fitar da mugunya mai yawa, ga wari, an sa masa ruwa da allurai ta jijiya. Kuma Sista, tambayarki ta suga: sun gwada ya hau sosai, shi bai ma sani ba. Sun ce sai sugan ya sauka bakin ya ƙara buɗewa za su cire haƙorin, wataƙila jibi. Yanzu dai ya yi barci, zazzaɓin ya sauka. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Uwar_Biyu:
Alhamdulillah! Allah ya ƙara sauƙi.

Dan_Kurmi:
Allah ya ba shi lafiya. Amma jama'a ku shaida, ba su cire ba. Me na ce tun farko?

Sista_Hadiza:
Ka ce ya zauna a gida ya shanye kafso, Malam. A gidan, wa zai tsaga, wa zai gano sugan?

Dan_Kurmi:
Ni maganar cirewa nake yi.

Likitan_Haƙori_Zariya:
Maman Ilham, madalla. Abu ɗaya zan roƙa: in kumburin ya sace ya ji garau, zai ce a bar haƙorin tunda ya daina ciwo. Kada ki yarda, ranar da suka ba shi ya je. Bayan an cire ya danne audugar da za su sa masa kamar rabin awa, kada ya kuskure baki ko ya riƙa tofar da yawu a ranar, don jinin da ya daskare a ramin shi ne ke warkar da wurin. In yana shan sigari ya haƙura na kwanaki. Washegari ya fara ruwan gishiri a hankali. Sugan kuma ya zama abin bibiya daga yanzu, ba na haƙori kaɗai ba.

Malam_Nura_Tcha:
Allah ya ƙara lafiya. Maman Ilham in ba damuwa, in an sallame ku ki faɗa mana abin da aka kashe gaba ɗaya, don mu san irin tanadin da za mu yi.

Amaryar_Gombe:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ina da ciki wata biyar, turmina yana zugi kuma dasashin ya ɗan tasa. Surukata ta ce mai ciki ba a yi mata allurar haƙori, in jira sai na haihu. Sista ko Likita, da gaske ne?

Sista_Hadiza:
Ba gaskiya ba ne ƙanwata, ana yi wa mai ciki allurar kashe wuri, kuma watannin tsakiya irin naki su ne suka fi dacewa da aikin. Ki gaya musu watan cikinki kafin su rubuta magani, kada ki sha ibuprofen ko tetrasaiklin da kanki. Ki je cikin makon nan, ki tafi da katin awonki. In surukar ta ƙi, ki ce maigidan ya raka ki su yi masa bayani da bakinsu.